Rikodar da Ban Kunna Ba a Kampung Baru

Ranar da Farfesa ta ce ba za ta sa hannu a sabunta mini biza ba sai na kawo mata muryoyin tsofaffi, kasa hawa bas na yi. Na zauna a kan wani dakali a bakin jami'a, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ina kallon takalmana suna jiƙewa ban ko janye ƙafa ba. Farfesa ita ce mai duba aikina na digirin dakta. 'Yar ƙasar ce, ƙaramar mace mai sanyin murya, amma in ta faɗi magana ta zauna. Ta ce ƙarshen zangon karatu kwamiti zai zauna a kaina. In na zo da muryoyin, a ƙara mini lokaci in rubuta. In ban zo da su ba, in haɗa kayana in koma inda na fito.

Bari in faɗi abin da ya kai ni Kuala Lumpur, ko da yake duk wanda na faɗa wa sai ya yi dariya. Ni malamin Turanci ne a wata kwalejin horon malamai a Jigawa, kuma abin da na je nazari shi ne sunayen wurare na Turawa, yadda rubutunsu da furucinsu suke sauyawa. A Ingila akwai garin da ake rubutawa Leicester, amma mutanen garin Lesta suke cewa. Akwai Worcester, su ce Wusta. Ba iyayi ba ne. Kakanninsu na can baya sun fi furta sunan da tsawonsa, sai baki ya yi ta rage masa kaya, yau ya haɗiye gaɓa, bayan wani zamani ya haɗiye wata. Rubutu kuwa tun da aka kafe shi a takarda ya tsaya inda aka bar shi. Da Turawa suka kwaso sunayensu suka zo mana da su, namu bakin ma ya yi aikinsa. Kakana da ya yi fataucin goro har ya koma ga Allah bai san wani Port Harcourt ba, Fatakwal ya sani. Gold Coast kuwa Gwalkwas ce, kuma kada ka kuskura ka gyara masa.

A Malesiya ma Turawan sun bar sunaye birjik, a tituna da tashoshi da garuruwan bakin teku. Bayan samun 'yanci aka cire alluna da yawa aka kafa na harshen ƙasa. Yaran yanzu sabon suna suka sani, tsohon kuwa in sun ci karo da shi, karanta shi suke da Turancin makaranta. Yadda mutanen gari suka murɗa sunayen nan a bakinsu a zamanin da, a bakin tsofaffi kawai ya rage. Ni kuwa na ɓata shekaru a ɗakin karatu ina kwafar tsofaffin taswirori, na tara rubutu iri-iri. Farfesa ta ce duk ta gani, amma taswira ba ta magana.

A unguwar Setapak nake zaune, a wani dogon bene mai arha da ɗalibai baƙaƙe suka cika. Ɗakina taga ɗaya, tana kallon bangon wani benen. Ka shanya riga ta kwana biyu ba ta bushe ba, sai wari. Daga nan na fara fita farautar tsofaffi, da 'yar rikodata a aljihun kaftani. Ina ganin mai furfura a tashar jirgin ƙasa ko a kedai, wato kantin unguwa, sai in matsa in yi sallama. Sallamar za a amsa. Ina fito da rikoda fuska za ta sauya. Wani ya kaɗa mini hannu kamar mai korar ƙuda, wani ya ce ba ya jin Turanci da Turancin da ya fi nawa kyau, wata tsohuwa kuwa rungume jakarta ta yi ta tsallaka titi. Ban ga laifinsu sosai ba. Wasu 'yan uwanmu sun riga sun ɓata mana suna a garin da damfara, ga ni dogo baƙi, ina nuna wa tsoho na'ura ina cewa ya yi magana a ciki. Amma sanin dalili bai hana abin ciwo ba. Akwai ranar da na dawo na kwanta da takalmi a ƙafata.

A gida kuwa an riga an gama raɗa mini suna. Tun da na tafi kowa Dakta yake kirana. Mahaifina in na buga waya sai ya miƙa wa abokan hirarsa na ƙofar masallaci, ɗaya bayan ɗaya, a gaisa da Dakta. Matata Rakiya ce kaɗai ta san halin da nake ciki. Ita ke riƙe da yara uku a gidanmu, ita ke shanye tambayar yaushe zai dawo. In na tuna zan iya sauka a Kano hannu rabbana, in shiga wancan layin namu mutane suna fitowa tarba, sai in kwana ban runtsa ba.

Ana haka wani ya haɗa ni da Ɗanjummai. Bahaushe ne, ya daɗe a garin, ya ce karatu ya kawo shi amma ba wanda ya taɓa ganin sa da littafi. A Bukit Bintang yake yini, unguwar manyan kantuna da otal-otal, yana janyo wa wani gidan abincin Larabawa masu ciniki. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, ya ce wannan ai ƙaramin alhaki ne, in bar masa. Ya ce tsofaffin garin nan duk a tafin hannunsa suke, sai dai a ɗan ga abin shayi. Na ba shi abin da ya nema, na ce ɗan'uwa rabin jiki. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni bayan wani gidan cin abinci, na tarar da dattawa uku a zaune, kowa da hula, suna ta murmushi. Suka faɗi sunaye, na ɗauka, har ina sa wa Ɗanjummai albarka.

Farfesa ba ta yi nisa da saurare ba ta cire abin kunnenta ta ajiye. Ta ce waɗannan bayin Allah ba a garin nan aka haife su ba, daga tsallaken ruwa suka zo aikin gini, harshensu ya nuna. Ta ce kuma karantawa suke, ana jin ƙarar takarda. Sannan ta dube ni ta tambaya a hankali ko na san da haka. Wallahi da mari ta yi mini ya fi mini sauƙi. Na rantse mata ban sani ba. Ta ce ta yarda, amma in wannan ya kai gaban kwamiti ba kora kaɗai ba ce, har da tambarin maguɗi.

Na tafi Bukit Bintang a fusace. Na same shi a bakin aikinsa yana ɗaga wa masu wucewa hannu. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malam Habu, tsofaffi ka ce in kawo maka. Ko ba tsofaffi ba ne?" Da ba don 'yan sanda biyu da ke tsaye a tsallake ba, da bizata mai ƙarewa, da na shaƙe shi a wurin. Washegari lambarsa ta daina shiga. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Kampung Baru ba neman kowa ya kai ni ba. Tsohuwar unguwar Malayawa ce a tsakiyar birni, gidajen katako da bishiyoyin ayaba, dogayen benaye sun kewaye ta ta ko'ina. Na sauka daga jirgin ƙasa ne kawai don ba na son komawa ɗakina. La'asar ta same ni a can, na shiga wani ƙaramin masallacin unguwa. Ana idarwa ruwa ya kece. Kowa ya buɗe lema ya tafi, ni na tsaya a baranda ina kallon sama. Sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, kansa bai wuce kafaɗata ba, ya ɗaga lema yana neman ya rufe ni da ita hannunsa bai kai ba. Na karɓa na riƙe mana. Ya ce sunansa Hamdan, amma kowa Pak Cik yake ce masa, kamar a ce kawu. Ya tambayi aikina, na ce malamin makaranta ne. Daga ranar ya koma kirana Cikgu, yadda suke kiran malami. Ya ce, "Makan dulu," wato a ci abinci tukuna, ya ja ni gidansa.

Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu. Matarsa, Mak Cik Salmah, ta kawo shinkafa da kifi da wani yaji da ya sa ni hawaye, suna ta dariya. Tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa shigar da ni gidansa.

Sai tsoho ya fara hira. Ashe a unguwar aka haife shi, ya yi makarantar Turawa, ya yi aikin sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Yana ba ni labarin yadda suke zuwa kallon fim a Batu Road, titin da yanzu ba allon da ke ɗauke da wannan suna. Ya ce lokacin amarcinsu ya kai Mak Cik bakin teku a Podeksen. Sai da na yi jim kafin na gane Port Dickson yake nufi. Ya faɗi Brickfields, ya faɗi Butterworth, kowanne ya fito a bakinsa a gajarce, a lanƙwashe, yadda ban taɓa ji ba. Har yana kwaikwayon yadda mahaifinsa yake faɗa, da yadda Baturen tasha yake faɗa, da yadda 'yan ƙauye masu sayen tikiti suke faɗa. Abin da na yi wata da watanni ina bara a titi, ga shi ana zuba mini shi a kan tabarma. Rikoda tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata.

Ban fito da ita ba. Wanda ya tashi a gida irin namu zai gane. Ba a zuwa wurin babba ran farko a ajiye masa buƙata kamar an zo kasuwa. Gaisuwa ake yi a tashi. A dawo a sake gaisuwa. In ya ga ƙafarka ta yawaita, shi da kansa zai ce, yaro, lafiya dai, me ke tafe da kai? Sannan ka sunkuyar da kai ka faɗa. Haka na ga kakana yana yi, haka mahaifina ya yi da ya je nema mini aure. Balle mutumin da ya tsamo ni daga ruwa ya ciyar da ni. In na zaro na'ura yanzu, ai cewa zai yi don ita na ci abincinsa. Kuma na ga yadda fuskoki suke rufewa in ta fito. Wannan fuskar guda da ta buɗe mini, ban shirya ganin ta rufe ba.

Na shiga zarya. In kai dabino, in kai zuma. Da wani ya zo daga gida da kilishi na kai musu, Mak Cik ta juya shi ta sansana kamar ba za ta ci ba, ƙarshe sai da ta ɓoye sauran kada tsoho ya cinye. Kullum in na je a shimfiɗa mini tabarma, a kawo shayi, Pak Cik ya buɗe hira, sunaye su yi ta zubowa. In na fito sai in tsaya a bayan gida in rubuta abin da na tuna, alhali na san aikin banza ne, Farfesa murya ta ce.

Na yi duk wani hannunka-mai-sanda da na sani. In yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. In ce karatu ya yi tsanani. In ce wataƙila ma na kusa barin ƙasar. Tsoho ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce in yi haƙuri, Allah yana tare da masu haƙuri, ya ce wa Mak Cik ta ƙaro mini shinkafa. Tambayar nan guda ɗaya da nake jira, ko kusa da ita bai zo ba. Wani lokaci har haushinsa nake ji a raina. Wane irin dattijo ne wannan, mutum yana ta sintiri a gidanka ba za ka ce masa me ya faru ba?

Rakiya ce ta fara fusata. Ta ce wai ni ɗinke mini baki aka yi? Ta ce mutumin nan ba Bahaushe ba ne, ina zai san ana jiran ya yi tambaya? Na ce mata babba babba ne ko a ina, ita ba ta san zama da manya ba. Ta ce, "To zauna kana ladabi har jirgi ya sauke ka a Kano. Sai ka yi wa Baba bayanin ladabin." Na kashe wayar. Kwana biyu ban kira ta ba, don na san gaskiya ta faɗa.

Sau ɗaya shaiɗan ya kusa cin galaba a kaina. Tsoho yana tsakiyar labarin tashar jirgi, na zura hannu a aljihu, babban yatsana a kan maɓalli. Ba zai taɓa sani ba. Amma Farfesa ta ja mini kunne cewa muryar da aka ɗauka ba da yardar mai ita ba haramun ce a wurinsu, kuma ni ma na san sunanta ha'inci. Mak Cik ta shigo da ayaba soyayya ta ajiye a gabana. Na zaro hannuna na ɗauki ayaba.

Zango ya zo gangara. Aka kafe ranar zaman kwamiti. Na yi wa kaina alkawari ranar Juma'a zan faɗa, ya tambaya ko bai tambaya ba. Na je na tarar gidan cike da baƙi, ana walimar wata jikarsa, ya riƙe hannuna yana nuna ni ga dangi yana cewa ga ɗansa na Afirka. A cikin wannan taron zan ce ina da buƙata? Na ce sai Litinin.

Litinin na tarar da ƙofa a rufe, ba takalmi ko ɗaya a matakala. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga, da guntun Turancinta da nuni da hannu ta fahimtar da ni. Pak Cik ya faɗi a banɗaki da safe, an tafi da shi asibiti. Ɓarin jikinsa ya shanye.

Na zauna a matakalar gidan. Allah na tuba, kafin in ce Allah ya ba shi lafiya, abin da ya fara faɗo mini shi ne bakin fa, bakin ya taɓu? Na ji kunyar kaina, na ji tsoro, duka a lokaci guda. Na kira Rakiya, ta ɗauka, na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Salati kawai take yi, ina jin ƙaramar 'yarmu tana tambaya ko Baba ne.

Da aka dawo da shi gida na je dubiya. An sa masa gado a falo, kusa da taga. Bakinsa ya karkace, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. Ya gane ni, idonsa ya yi haske, ya buɗe baki, abin da ya fito gurnani ne kawai. Na durƙusa na riƙe hannunsa mai lafiya. A ranar na cire rai. Na koma Setapak na jawo akwatina daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ƙura. Na fara tsara ƙaryar da zan yi wa mahaifina, kowacce na tsara sai in ji ba za ta shige shi ba. Abinci ya daina wuce mini. Amma ban daina zuwa Kampung Baru ba. Ba don wani aiki ba yanzu, mutum ya ci abincinka ai ba ya guje maka ranar ciwo. In je in zauna a gefen gado, in karanta masa abin da ya sauwaƙa, in taya Mak Cik juya shi.

Wata rana da yamma na fito zan tafi, ta biyo ni baranda tana goge hannu da zane. Ta tsaya tana kallon ƙasa, da alama abin da za ta faɗa yana yi mata nauyi.

Ta ce, "Cikgu, ka yafe mini, zan yi rashin kunya. Me kake nema a wurinsa?"

Na ce, "Mak Cik, wa ya ce ina neman wani abu?"

Ta ce, "Shi. Duk ranar da ka tafi sai ya ce mini, yaron nan akwai abin da ya kawo shi, yana da nauyi, ya kasa faɗa. Na ce to ka tambaye shi mana. Ya ce a'a, ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi, sai ya ɗauka mun gaji da ciyar da shi ne. Ya ce mu jira, in ya saki jiki zai faɗa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ashe duk zaryar nan ina jiran sa, shi ma jira na yake. Ni ina ladabi, shi yana kara, shinkafa tana ƙarewa, kwanaki suna tafiya. Na yi kuka a gaban matar nan kamar yaron goye, gemai-gemai da ni. Cikin kukan na faɗa mata komai, da sunayen, da kwamitin, da bizar, da akwatin da na kakkaɓe. Na zaro rikodar na nuna mata. Ta dafe ƙirji ta ce wannan ne kawai? Magana kawai? Mutumin da in ya fara surutu sai an roƙe shi ya yi shiru?

Ta shiga ta faɗa masa da harshensu. Ina daga baranda na ji bugu, ƙwas, ƙwas. Da hannun hagu yake dukan katakon gado. Na shiga. Ya nuna rikodar, ya nuna bakinsa. Na ce ya bari, ya huta. Ya sake dukan gadon da ƙarfi. Na kunna, karo na farko a gidan nan, na kai ta kusa da leɓensa. Ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Na san sunan da yake nema, na garin da ya kai amaryarsa. Ya gwada, ya sake gwadawa. Iska ce kawai da yawu. Hawaye ya gangaro masa ya shige kunne. Na kashe na'urar na goge masa baki da hannun rigata.

Can ya ɗaga hannun ya nuna taga, ya nuna ya sake nunawa, yana gurnani. Ni ban gane ba. Mak Cik ta bi hannun da kallo, ta hango rufin masallaci, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Washegari bayan la'asar tsofaffin masallacin suka zo, kowa da sandarsa. Har da wani mai farin gemu da na tabbata ya taɓa kore ni a tashar jirgi. Ya gane ni, na gane shi, muka gaisa kamar ba a yi ba. Mak Cik ta yi musu bayani, suka ce ai ba komai, boleh, an yarda. Suka kewaye gadon, na ajiye rikoda a tsakiya. Da farko a ɗarare suke, kowa yana gyara murya yana faɗar suna da Turancin rediyo. Sai ƙwas! Pak Cik ya daki gado yana zare ido. Mai farin gemu ya yi dariya ya ce to, to, ba haka muke faɗa ba, ya sake faɗa yadda uwarsa take faɗa. Pak Cik ya lumshe ido. Daga nan hira ta ɓalle. Wannan ya ce haka ne, wancan ya ce ƙarya kake, kai ai ba a nan ka tashi ba. Duk wanda ya karkata zuwa sabon furuci, gado ya yi ƙara. Kwanakin da suka biyo baya har tsofaffin mata suka shigo, ƙawayen Mak Cik, su ma da nasu. Ni dai ina gefe ina canza batir.

Ana gobe kwamiti zai zauna na kai wa Farfesa. Ta sa abin kunne, ta daɗe tana saurare, ni ina zaune a bakin kujera kamar mai jiran hukunci. Na ga ta yi murmushi sau ɗaya, ta ce rabon da ta ji an faɗi wannan sunan haka tun kakarta tana da rai. Da ta gama ta ce muryoyin sun yi, za ta sa hannu, za ta kuma tsaya mini gobe. Sai dai akwai wata ƙwanƙwasa da ke ta shiga tsakanin magana, kamar ana aikin kafinta a gidan. Ta ce in kai wa masu gyaran sauti su goge ta.

Na ce, "Farfesa, a bar ta. Wannan shi ne wanda ya fi su duka sanin sunayen. Abin da ya rage masa ke nan."

Na ba ta labarin a taƙaice. Ta mayar da abin kunnenta, ta koma farko ta sake saurare, ba ta kuma ƙara maganar gogewa ba.

Kwamiti ya ƙara mini zango ɗaya, a ciki na rubuta aikin. Pak Cik Hamdan bai ga ƙarshensa ba, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Muryoyin abokansa duk suna nan a ajiye, duk mai so zai ji. Yadda shi kansa yake faɗar sunayen kuwa, da na mahaifinsa, da na 'yan ƙauyen da suka sayi tikiti a hannunsa, a kunnena kaɗai suka rage. Nakan gwada faɗa in ina ni kaɗai, amma kullum da bakin Bahaushe suke fitowa.